Tagogi da yawa, rumbu ɗaya: rubuta manhajar kwamfuta mai uwar taga da 'ya'yanta

Wanda ya taɓa leƙa fuskar kwamfutar wani kantin magani a Sabon Garin Zariya, ko ta ofishin karɓar kuɗi a wata makarantar kuɗi da ke Tudun Wada, da wuya a ce bai ga irin manhajar da zan yi magana a kanta ba. Babbar taga ce guda ɗaya mai fili ruwan toka, da jerin umarni a samanta, a cikin filin kuma ga ƙananan tagogi, wannan ta sayarwa, waccan ta lissafin kaya, wata kuma ta masu bashi. Kowace ana iya jan ta da linzami, a faɗaɗa ta ko a naɗe ta, amma babu wadda take iya ƙetare iyakar babbar, kuma idan aka rufe babbar duk sun tafi tare da ita. Wannan tsari shi ake kira MDI, wato Multiple Document Interface, tsarin takardu da yawa cikin taga guda. Babbar ita ce uwar taga, ƙananan kuwa 'ya'yanta. Da yake Zariya gari ne na karatu, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji ba daga waje aka sayo su ba. 'Yan gari ne suka rubuta su, wasu ma daga aikin kammala karatu suka samo asali kafin su shiga kasuwa.

Samar da uwa da 'ya'yanta aikin 'yan mintuna ne, kuma shi ya sa sabon shiga yake ɗauka ya gama da zarar ya ga tagogi sun jeru. Inda aikin yake shi ne bayanan da tagogin nan ke tarayya a kansu: wa yake riƙe da su, wa yake da ikon canza su, kuma ta yaya sauran za su san an canza. Sai dai kafin a kai can, yana da kyau a san inda tsarin ya fito da yadda aka gina shi, domin yawancin halayensa masu ɗaure kai daga nan suka taso.

Windows 3.0 da ya fito a 1990 shi ne ya yaɗa tsarin. Program Manager da File Manager, waɗanda da su ake buɗe manhajoji da neman fayiloli a lokacin, duka a kansa aka gina su. Akwai dalili mai ƙarfi a wancan zamani, domin babu sandar nan ta ƙasan fuska da ke nuna duk abin da yake buɗe, saboda haka tattara takardun manhaja ɗaya a cikin taga ɗaya yana rage watsewar abubuwa. Da Windows 95 ya zo da wannan sanda, sai dalilin ya fara rauni, kamfanin Microsoft da kansa ya shiga janye jiki. Word 2000 ya ba kowace takarda tagarta mai zaman kanta. Excel ya jima yana riƙe da tsohon tsari, sai a Excel 2013 ya sake shi. A gefe guda kuma manhajojin shiga intanet, irin su Firefox da ya fito a 2004 da Chrome a 2008, sun saba wa jama'a da shafuka masu 'yan kunnuwa jere a sama, har ya zama abin da kowa yake tsammani ke nan. Lokacin da Microsoft ya fitar da WPF, wani sabon kayan gina fuskar manhaja, a 2006, bai ma saka MDI a ciki ba, kwamfutocin Apple kuwa dama can ba su san shi ba. Duk da haka tsarin bai mutu ba, domin Windows Forms, kayan gina tagogi da ya riga WPF, yana ɗauke da shi har a sababbin fitowar .NET, dandalin rubuta manhaja na Microsoft, kuma manhajojin da aka rubuta da Visual Basic 6 na 1998 suna nan suna aiki a shaguna, ko da yake kamfanin ya daina tallafa wa kayan rubuta su tun 2008.

Abin da ido yake gani hawa biyu ne, uwa da 'ya'ya, amma a zahiri hawa uku ne. Akwai tagar waje, wadda take riƙe da suna da jerin umarni. A cikinta akwai wata taga ta musamman daga ajin da Windows yake kira MDICLIENT, ita ce filin nan ruwan toka, kuma ita ce ainihin mahaifiyar ƙananan tagogin. Wanda yake rubutu da harshen C kai tsaye dole ya ƙirƙiri wannan fili da hannunsa, ya aika masa saƙon WM_MDICREATE duk lokacin da yake son sabuwar 'ya, ya miƙa saƙonnin da bai kula da su ba ga DefFrameProc a wajen uwa da DefMDIChildProc a wajen 'ya'ya, sannan ya sanya TranslateMDISysAccel a zagayen karɓar saƙonni, in ba haka ba Ctrl+F4 da ke rufe 'yar taga da Ctrl+F6 da ke tsallakawa zuwa ta gaba ba za su yi aiki ba. Ba na cewa kowa ya koma rubutu da C. Amma wanda ya san da wannan hawa na tsakiya ba zai yi mamaki ba idan ya canza launin uwar taga a Windows Forms ya ga filin yana nan ruwan toka, domin launin da ya canza na tagar waje ne, filin kuwa sai an lalubo MdiClient a cikin abubuwan da ke jikin fom ɗin, wato tagar, an canza nasa. Haka nan ba zai yi mamaki ba idan ya ɗora hoton tambarin shago ko wani maɓalli a tsakiyar uwar, ya ga yana yawo a saman kowace 'yar taga yana rufe rubutu. Abin da ya ɗora ɗin a kan filin yake, 'ya'yan kuma a cikin filin suke. Na sha ganin manhaja mai tambari a tsakiyar rasit saboda wannan kawai.

A Windows Forms, ko da C# ake rubutu ko da VB.NET, ana mayar da IsMdiContainer na babban fom ya zama gaskiya, sannan kafin a nuna kowane ƙaramin fom a sa MdiParent nasa ya nuna babban. A Visual Basic 6 ana ƙara MDIForm, wanda guda ɗaya tak ake yarda da shi a aiki ɗaya, a kunna MDIChild a sauran. Jera tagogi a gicciye, ko a tsaye, ko a ɗora su bisa juna kamar matakala, umarnin LayoutMdi ne yake yi a Windows Forms. Har nan babu wahala, amma tsugune ba ta ƙare ba.

Matsala ta farko da mai shago zai ci karo da ita ita ce maimaituwar taga. Yaron shago ya danna umarnin lissafin kaya, kwamfutar ta ɗan yi nauyi, ya sake dannawa, sai ga tagogi iri ɗaya guda uku a bisa juna, ya rubuta abu a ta sama, ya rufe, ya ga ta ƙasa ba komai, ya ɗauka aikinsa ya ɓace. Dole mai rubutu ya zauna ya raba tagoginsa gida biyu. Akwai waɗanda ɗaya kawai ya kamata a samu a lokaci guda, kamar jerin kaya ko saitin manhaja, akwai kuma waɗanda yawansu shi ne amfaninsu, kamar rasit, inda mai saye ɗaya ya tafi cire kuɗi a POS aka bar nasa a buɗe aka shiga na mai bi masa. Ga kashi na farko, kafin a buɗe sai a duba:

foreach (Form f in this.MdiChildren)
{
    if (f is FomKaya)
    {
        if (f.WindowState == FormWindowState.Minimized)
            f.WindowState = FormWindowState.Normal;
        f.Activate();
        return;
    }
}
var sabo = new FomKaya();
sabo.MdiParent = this;
sabo.Show();

Layin da ke duba ko tagar a naɗe take shi ne aka fi mantawa da shi, kuma idan babu shi, mutum zai danna umarni ya ga kamar ba abin da ya faru, alhali tagar tana can ƙasan fili a dunƙule. Ga kashi na biyu kuwa, ba nau'in fom kaɗai za a duba ba, har da lambar rasit ɗin, don kada a buɗe rasit guda a tagogi biyu.

Batun jerin umarni ba shi da tsawo. 'Yar taga ba ta nuna nata jerin a jikinta, ana haɗe shi ne da na uwa muddin ita ce a gaba, kuma MergeAction da MergeIndex su ke faɗin inda kowane umarni zai zauna. Sandar ƙananan hotuna ba ta haɗuwa da kanta, sai an kira ToolStripManager.Merge da hannu, a kuma warware idan an bar tagar. Umarnin adanawa da ke jikin uwa kuma dole ya tambayi ActiveMdiChild ko wace ce a gaba, ya kuma yi shirin samun amsar cewa babu kowa, domin mai amfani yana iya rufe duka 'ya'yan sannan ya danna shi.

Yanzu ga gundarin maganar. An taɓa kira na in duba wata manhaja da wani ya rubuta wa wani kantin magani. Mai kantin, dattijo ne mai kula da lissafinsa, ya tare ni da cewa, "Malam, kwamfutar nan fa ƙarya take yi. Ta ce akwai kwali 12, ni kuwa 7 na ƙirga a sito." Har ya fara zargin yaransa. Na roƙe shi ya nuna mini yadda suke aiki da safe, sai ya buɗe tagar gyaran bayanin magani domin ya ƙara farashi, ya bar ta a buɗe ya juya yana amsa waya, yaron kuma ya shiga tagar sayarwa ya sayar da kwali 5. Da Alhaji ya dawo ya rubuta sabon farashi ya danna adanawa, sai tagar ta mayar da dukan layin cikin rumbun bayanai, suna da farashi da adadi, kuma adadin da take riƙe da shi shi ne 12 ɗin da ta karanto tun lokacin da aka buɗe ta. Na ce masa, "Alhaji, yaranka ba su ɗauki komai ba, wannan tagar ce take shafe cinikin waccan." Ba a saci komai ba, kuma kowace taga ta yi daidai abin da aka rubuta mata.

A manhaja mai taga ɗaya, wadda sai ka rufe wannan fom kafin ka buɗe wancan, irin wannan kuskure yana ɓoyuwa, domin kowane buɗewa sabon karatu ne daga rumbu. Tsarin uwa da 'ya'ya shi yake tona shi, tunda ya ba mutum ɗaya damar zama kamar ma'aikata huɗu a kwamfuta ɗaya. Abin ya yi kama da babban gida mai ɗakuna da yawa da rumbun hatsi guda: idan kowace mai ɗaki ta leƙa da safe ta riƙe adadin dammunan da ta gani, da yamma kuma ta dage cewa nata lissafin ne daidai, rigima ba ta da makawa.

Gyaran yana da matakai, kuma na farko shi ne kowace taga ta rubuta abin da ta canza kawai. Tagar farashi ba ta da hurumin taɓa adadi. Tagar sayarwa ma kada ta karanto adadi, ta yi ragi a cikinta, ta mayar da sakamako. Ta umarci rumbun ne ya rage 5 daga duk abin da yake da shi a wannan lokaci, bisa sharaɗin cewa abin da ke akwai bai gaza 5 ba, sannan ta duba ko umarnin ya shafi wani layi. Idan bai shafi komai ba, kayan sun ƙare ke nan, sai ta faɗa wa mai sayarwa. Inda kuma ya zama tilas tagogi biyu su iya gyara abu guda, sai a ba kowane layi lambar sigarsa, wadda take canzawa duk lokacin da aka taɓa shi. SQL Server yana da nau'in rowversion domin wannan, a Access ko SQLite ko MySQL kuma ana iya yin sa da lamba mai ƙaruwa da ɗaya-ɗaya. Taga za ta riƙe lambar da ta karanto, idan ta zo adanawa ta tarar lambar ta canza, sai ta tsaya ta sanar da mai amfani cewa an gyara wannan bayani a wani wuri, ta nuna masa sabon.

Bayan haka sai batun sanarwa. Hanya mafi sauƙi, kuma mafi muni a ganina, ita ce tagar sayarwa ta nemo tagar kaya ta cusa hannu cikin teburinta ta canza lamba. Da tagogi biyu abin yana tafiya, amma ranar da suka kai takwas, kowace ta san cikin kowace, ba wanda zai iya taɓa ɗaya ba tare da ya ɓata uku ba. Abin da ya fi shi ne a ware aji guda wanda ba taga ba ne, shi kaɗai yake magana da rumbu, kuma duk lokacin da wani abu ya canza ya yi shela. Tagar da abin ya shafa ta yi rajistar sauraro lokacin buɗe ta, ta sabunta kanta idan ta ji. Sai dai a nan ma akwai tarko: tagar da aka rufe ba tare da ta janye rajistarta ba tana nan a raye cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, shelar za ta ci gaba da isa gare ta, ko dai manhajar ta faɗi da kuskuren ObjectDisposedException, ko kuma ta yi ta tara gawarwakin tagogi. Windows yana ba kowace manhaja iyakar abubuwan taga 10,000 idan ba a canza saitin ba, kuma shagon da ke buɗe rasit tun safe har bayan isha'i yana iya kai wa wannan iyaka idan kowane rasit yana barin wani abu a baya. Irin wannan ciwo ba ya bayyana a gwajin rabin sa'a.

Rufewa ma tana bukatar tunani. Idan aka danna rufe uwa, Windows Forms yana fara aika FormClosing ga kowace 'ya, da dalilin MdiFormClosing, kafin ya aika wa uwar. 'Yar da ke da aikin da ba a adana ba tana iya cewa a dakata, kuma wannan ƙin yana isa ga uwar, wadda take da ikon amincewa ko ta yi gaban kanta. Kuskuren da ake yawan yi shi ne kowace 'ya ta fito da tambayarta ba tare da ta zo gaba ba, mutum ya ga "A adana canje-canje?" sau huɗu a jere bai san wanne ake nufi ba. Kafin taga ta yi tambaya ta fara fitowa gaba, ta kuma ambaci lambar rasit ko sunan ɗalibin da ake magana a kai. A wannan gari kuwa akwai rufewar da ba ta neman izinin kowa, wato ɗaukewar wuta a kwamfutar tebur da ba ta da UPS. Saboda haka rubuta rasit da rage kaya su kasance cikin ma'amala guda a rumbu, ko duka su shiga ko duka su fasa, rasit ɗin da aka jingine kuma a riƙa ajiye shi a matsayin wanda bai kammala ba, don a same shi bayan an tayar da janareta.

Wani abin da yawan tagogi yake ɓoyewa shi ne cewa dukansu zare ɗaya ne yake tafiyar da su, wato layin aiki guda da ke yin abu ɗaya bayan ɗaya. Idan tagar rahoton wata ta shiga tattaro ciniki daga rumbu ta ɗauki minti guda, tagar sayarwa ma ta sandare, mai saye yana tsaye. Aiki mai nauyi sai a kai shi bayan fage, da BackgroundWorker a tsohon salo ko da async da await da suka zo cikin C# a 2012, a kuma tuna cewa mai amfani yana iya rufe tagar kafin amsar ta dawo.

Wasu harsuna ma suna da irin nasu, da 'yan halayensu. A Java ana sa JInternalFrame cikin JDesktopPane, kuma sabuwar 'ya ba ta bayyana sai an ba ta girma an kuma ce ta bayyana. A Delphi FormStyle ne yake raba uwa da 'ya, kuma rufe 'ya naɗe ta kawai yake yi sai an sa caFree a OnClose. A Qt, wanda masu Python ma suke amfani da shi, QMdiArea ne filin.

Shin ya kamata a fara sabon aiki da wannan tsari a yau? Amsata ta danganta da tambaya guda da nake yi wa mai aikin: akwai lokacin da dole ya ga abu biyu gefe da gefe? Akawun makaranta da ke gwada takardar banki da jerin waɗanda suka biya kuɗin zango yana da wannan bukata. Mai haɗa sakamakon jarrabawa da ke duba maki yana cike rahoton ɗalibi ma haka. Amma mai sayarwa da ke kan layi ɗaya daga safe zuwa dare ba ya bukatar jan tagogi, bukatarsa ita ce kada wani abu ya ɓuya a bayan wani. Ga kuma girman fuska: da yawa daga kwamfutocin hannu na gwanjo da ake samu a shagunan PZ fuskarsu ƙarama ce, mai ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsawo, idan aka cire jerin umarni da sanduna, filin da ya rage da ƙyar yake ɗaukar tagogi biyu masu amfani. Abin da nake gani kullum shi ne ma'aikaci ya faɗaɗa 'ya ɗaya ta cika fili, kuma a wannan tsari idan aka faɗaɗa ɗaya duk wadda aka koma kanta a faɗaɗe take zuwa, sai ya zama yana aiki da shafuka ne waɗanda ba su da kunnuwan da zai gane su. Wanda kuma ya sayi fuska ta biyu zai tarar ba ya iya jan 'ya zuwa can, domin ba ta fita daga jikin uwa. Har kamanninsu ma sun tsufa, tunda a Windows 10 da 11 kan 'ya'yan tagogi yana fitowa da tsohon zane irin na zamanin Windows 7, ya saɓa da na uwar.

Don haka idan aikin na mai sayarwa ne, shafuka masu kunnuwa nake zaɓa, a Windows Forms da TabControl, kowane shafi da UserControl nasa. Idan na akawu ne mai gwada takardu, ina barin uwa da 'ya'ya, in sanya MdiWindowListItem don jerin umarni ya riƙa nuna sunayen duk tagogin da ke buɗe, in kuma ba kowace taga suna mai ma'ana, kamar lambar rasit da sunan mai saye, maimakon Form2. Mai rubutu da Qt ya fi kowa samun sauƙi a nan, domin setViewMode yana juya QMdiArea guda daga tagogi zuwa shafuka da layi ɗaya, sai a saka zaɓin a cikin saiti, akawu ya ɗauki tagogi, yaron kanti ya ɗauki shafuka.